Kwanon Marka

A Maradun, inda aka haife ta, cewa suke Marka hannun uwarta ta ɗauko, ko ruwan zafi ta dafa sai an nemi ƙari. A Bakura, inda aure ya kai ta, cewa suke bakinta wuƙa ce, kuma ba ta komawa kube sai ta yanka. Mutanen Talata Mafara kuwa, waɗanda yawancinsu ba su san ta ba sai ta kwanon da take aikowa, cewa suke duk mai yaya irin wannan ba shi da sauran kuka. Magana ɗaya ce garuruwan uku suka haɗu a kanta: tun da Marka ta yi wayo, babu wanda ya taɓa jin "yi haƙuri" daga bakinta.

Ba wai ba ta gane laifinta ba ne. Tana ganewa, wani lokaci tun maganar ba ta gama faɗuwa ƙasa ba. Sai dai ita ban haƙurinta a tukunya yake. In ta ɓata maka rai yau, gobe ko jibi za ka ji sallama da kwano, girman kwanon gwargwadon girman laifin. Mijinta, Allah ya ji ƙansa, ya sha cewa shekarar da suka fi faɗa ita ce shekarar da rigunansa suka matse shi. Kuma kwanon yana da ƙa'ida, wadda kowa ya sani ko da yake ba a taɓa zama an faɗe ta ba. Wanda aka ɓata wa, shi zai ci. In ka ɗiba wa yara, rabi ka yafe. In ka mayar da shi da saura, to maganar tana nan.

Gimbiya ba ƙanwarta ba ce ta jini. Zana ɗaya ta raba gidajensu a wani ƙauye na ƙasar Maradun, kafin a tare ruwan Bakolori a ce kowa ya kwashe ya koma tudu. A shekarun da suka biyo baya katafila na baje gonaki, ana haƙa kanal na ban ruwa, damina ta zo ta wuce mutane na kallo ba su yi shuka ba. A tsakanin nan uwar Gimbiya ta rasu. Marka tana budurwa a lokacin, tana tallar fura. Wata rana ta ga yarinyar zaune a gindin zana, ta kama damtsenta za ta tashe ta, sai ta ji babban yatsanta da manuni sun zagaye damtsen har sun haɗu da saura. Ranar ta sa mata suna Tsinke. Ranar kuma ta fara rage mata dunƙule ɗaya daga cikin furar talla, tana shan faɗa a gida.

Da aure ya raba su, ɗaya Bakura ɗaya Mafara, sai abin ya koma kwano. Duk Talata, ranar kasuwa, Jatau direba zai tsaya a ƙofar gidan Gimbiya da samira ɗaure a ƙyalle: yau hoce, wani mako dambu, fura kuwa ba ta fashi. Da la'asar ya biyo ya karɓi samirar, an wanke ta an saka shinkafa ko sabulu. In kuwa suka haɗu a biki, kafin gaisuwa ta ƙare Marka ta kama damtsen. Yanzu hannuwanta biyu ba sa zagaye shi. Sai ta girgiza kai kamar manomin da ya leƙa rumbu ya ga ya cika, ta ce, "Tsinke ke nan."

Jikin da Marka ke alfahari da shi, shi ya fara kayar da mai shi. Gimbiya sana'arta turara shinkafa, tana da mata masu yi mata aiki a bayan gida, amma ta kai ba ta iya tsayuwa a kan tukwane. Salla sai a kan kujera. Ga ciwon suga, ga hawan jini, ga ƙwannafi da ke tashe ta zaune bayan kowane abinci. Likitan da take gani a Gusau ya ce ƙwayoyi sun yi iyakar abin da za su yi, shawara ma ta yi, saura abu ɗaya: akwai tiyatar da ake yi wa tumbi don mutum ya rage ƙiba, kuma ana yin ta a Abuja. Ɗanta Bello, da ke aiki can, ya nemo musu ranar ganin likita.

Mijinta Malam Abdulhamid ne ya raka ta. Ya daɗe yana aikin buɗe ƙofofin ruwa a kanal kafin ya yi ritaya, kuma mutum ne mai son sanin cikin abu. Maƙwabta kan ce in za ka nuna masa sabuwar rediyo, ka fara ɓoye sukudireba.

Likitar mace ce, 'yar Zariya, mai magana a hankali kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Da ta gama duba sakamakon gwaje-gwaje, ta jawo wani tumbin roba daga aljihun tebur, mai buɗewa biyu, da hanjinsa a maƙale. Ta ce hanya biyu ce. Ta farko, a yanke mafi yawan tumbin a fitar da shi, a bar siriri kamar hannun riga. Abinci zai ci gaba da bin hanyarsa ta da, wurin ne kawai ya ƙanƙance. Ta biyu ba a fitar da komai. A ɗinke 'yar jaka a saman tumbin, kamar ƙwan kaza, a jawo hanji daga ƙasa a haɗa da ita, abinci ya riƙa tsallake sauran tumbin da farkon hanji. Duka biyun ta 'yan ƙananan huji ake yi, ba a tsaga ciki.

Malam Abdulhamid ya nemi izini ya riƙe tumbin. Ya juya shi, ya buɗe, ya rufe, ya bi hanjin da yatsa. Abin da ya fara tambaya shi ne wancan ɓangaren da za a tsallake, ba ya mutuwa? Don shi ya ga reshen kanal da aka rufe wa ƙofa, ba a shekara biyu yashi da ciyawa suka cinye shi. Likitar ta yi murmushi ta ce nan kam ciki ya bambanta da kanal. Jini na ci gaba da kai masa abincinsa, shi ma yana ci gaba da tsatso ruwansa, ruwan ya gangara ya tarar da abinci a gaba.

"Ashe ba kashe shi aka yi ba," in ji Malam. "Baƙi dai aka hana shi."

Ya sake tambaya, wanda ake yankewa fa, ina ake kai shi? Ta ce a duba shi a ɗakin gwaji, sannan a kawar da shi yadda ya dace, kuma ba shi ne na farko da ya yi wannan tambayar ba. Ana iya mayar da shi in mutum ya yi nadama? Ta ce a'a, abin da aka fitar ya fita. Na biyun kuwa komai na nan a ciki, amma kada kowa ya shiga da niyyar dawowa baya. Ya tambayi zaren ɗinkin, ya tambayi fitilar da ake leƙawa da ita, ya tambayi azumi. Ta amsa duka, ba ta ƙosa ba. Sannan ta juya wajen Gimbiya ta ce in shawararta ake so, ga mai suga da ƙwannafi irin nata, na biyun ya fi. Yakan kwantar da sugan sosai, yakan kashe ƙwannafin. Na farkon kuwa yana iya ƙara ƙwannafi. Kowanne aka yi akwai ƙwayoyin ƙarin jini da na gina jiki da za a riƙa sha har abada, na biyun ya fi buƙatarsu.

Sai yanzu Gimbiya ta gyara mayafi.

"Hura fa, Likita?"

"Fura?"

"Da zuma. Da alkaki, haka. Da abin da ya ji man shanu."

Likitar ta ce bayan na biyun, kayan zaƙi da maiƙo sukan faɗa cikin hanji da gudu, sai mutum ya ji gumi ya karyo masa, jiri, zuciya na bugawa, ga zawo. Jikin da kansa zai hana ta. Bayan na farkon kuwa fura za ta wuce salin-alin, ba gardama, kuma wannan shi ne aibinsa, don ta nan ƙibar kan lallaɓo ta dawo.

"To na farkon nike so," in ji Gimbiya.

Likitar ta dube ta, ta tambayi dalili. Gimbiya ta ce ta ga kamar ya fi sauƙi. Likitar ba ta ja ba. Ta ce jiki nata ne, amma ba yau za a yanke magana ba. Ta koma gida ta saukar da sugan tukuna, don ba a shiga tiyata da shi a sama. In za ta dawo kuma ta zo da duk wanda ke dafa mata abinci, ya ji bayani da kunnensa.

Suka kamo hanyar gida, Malam na gefenta a mota. Suka wuce Kaduna, suka wuce Funtuwa, suka wuce Gusau, yana ta kallon gonaki. Sai da suka fara hango koren shinkafar rani a gefen kanal, kusa da gida, ya sunkuyo ya yi ƙasa da murya.

"Hajiya, hannun riga kika zaɓa, ko kwano?"

Ta daɗe tana kallon taga. "Malam, in Talata ta yi, kwano ya zo, mi zan ce?"

Ta gaya masa abin da ta shirya a ranta. Za ta ce wa Marka aikin gwiwa za a yi mata. In ta dawo, ta riƙa shan furar kaɗan-kaɗan, rana ta yi tsawo, har samirar ta ƙare. Ba wanda zai ji kunya. Malam ya saurara har ta gama, ya ce dabara ce, sai dai ta manta abu ɗaya. Yatsun Yaya ba a yi musu ƙarya. Ranar da suka zagaye damtsen nan suka ji ya ragu, wane bayani za ta yi? Gara ta ji daga bakinta tun yanzu.

Ta yi kwanaki tana juya maganar, sannan wata safiya ta sa aka kai ta Bakura.

Ta tarar da Marka a tsakar gida da surukarta Taibatu da wasu maƙwabta biyu, suna ɓarar gyaɗa. Aka yi gaisuwa mai tsawo, ta gida, ta gajiya, ta Malam, ta Bello da iyalinsa, ta ruwan kanal da aka ce za a rufe don gyara. Marka ta kama damtse ta yi abin da ta saba. Gimbiya ta ce tana da magana, ko za su shiga ɗaki. Marka ta ce ɗaki zafi, kuma nan babu baƙo.

Nan a gabansu Gimbiya ta faɗi maganar tiyatar. Da farko Marka ta ji daɗin labarin. Ta ajiye gyaɗar, ta matso. Ta yaya ake shiga cikin mutum ba a tsaga shi ba? Da mi suke gani? Hanjin mutum irin na akuya ne? Har ta sa Taibatu ta ɗauko ƙwai don ta ga girman jakar da ake faɗa. Ta riƙe ƙwan a tafin hannu tana dubawa, sai fuskarta ta fara sauyawa.

"Tsaya. Wanga aiki duka, don mi za a yi shi?"

"Don in rage jiki, Yaya."

"Ki rame."

"Likita ta ce…"

"Wato abin da na yi shekara da shekaru ina tarawa, shi za ki kwasa ki kai Abuja a yanke a zubar." Ta ajiye ƙwan. "Mutane na neman ƙoshi, ke kin ƙoshi kina neman mai raba ki da shi. Da na san haka za ki saka mini, da na bar ki gindin zanar nan inda na tsince ki, ki bi uwarki."

Hannuwa suka tsaya a cikin gyaɗa. Taibatu ta sunkuyar da kai.

Gimbiya ta so ta tashi ta fita nan take, amma jikin bai ba ta wannan ba. Sai da ta dafa turmi, gwiwa ta ƙi, maƙwabtan biyu suka kama ta ta kowane gefe suka ɗaga. Ta nemi takalmi da ƙafa, ɗaya ya shige ƙarƙashin tabarma, aka jawo mata. Duk tsawon wannan lokaci Marka na ɓarar gyaɗa ɗaya ba ta ɓare ba.

Talata da hantsi Jatau ya yi sallama. Ba samirar da aka saba ba ce. Wani babban kwano ne mai murfi, wanda sai da ya rungumo shi da hannu biyu, ga kuma ƙwaryar fura a rufe da faifai. Ya dire su a gaban Gimbiya yana haki. Shi ma ya san ƙa'idar, shekarunsa nawa yana dakonta.

"Hajiya, mi aka yi miki haka? Ko da Marka ta zagi mijinta gaban abokansa, kwanon bai kai wanga ba."

Ta ce ya dai biyo da la'asar.

Malam ya tafi Damri ta'aziyya tun da safe. Gimbiya ta ɗaga murfin. Alkaki ne ya sha zuma har yana ƙyalli, ga nakiya, ga hoce yana iyo a man shanu. Furar an dama ta da kindirmo, an zuba zuma ba tsoro. Duk abin da ta taɓa cewa tana so tun tana yarinya, yana ciki. Ta san Marka ba ta zauna ba tun jiya.

Ita kam ta riga ta yafe, tun a mota kafin su fita Bakura. Amma ta ina za ta faɗa? In ta ɗauki waya ta ce na yafe, Marka za ta ce an yi wani abu ne? In ta ba matan da ke turara shinkafa, kafin magariba labari ya kai Bakura cewa rabi aka yafe. In ta mayar da shi yadda ya zo, ta tabbatar da abin da Marka ta faɗa a gaban mutane ke nan, cewa ta ƙoshi ta juya baya. Ta tuna likitar da maganar saukar da suga. Ta ce a ranta, rana ɗaya ce.

Ta jawo labule. Ta ci, ta huta, ta sha fura, ta yi azahar a kan kujera, ta koma. Tun tana jin zaƙin har ta daina jin komai sai nauyi. Da Jatau ya biyo, kwano da ƙwarya suna ƙofar ɗaki a wanke, da shinkafa sabuwar turarawa a ciki.

Laraba ta wuni tana shan ruwa ba ta ƙoshi, tana zaryar bayan gida. Malam ya tambaya ta ce zafi ne. Alhamis da safe ta fito duba tukwane, ta ce wa matan hayaƙi ya yi yawa ba ta ganin fuskokinsu, alhali ba a ma hura wuta ba. Ba ta rufe baki ba ta sulale. Aka kai ta asibiti nan cikin gari, aka sa mata ƙarin ruwa da allurar suga. Da ta dawo hayyacinta Malam ya tambaye ta a hankali abin da ta ci, ta gaya masa. Bai yi faɗa ba. Ya dai cire hula ya riƙe a hannu.

Juma'a da safe Marka ta iso. Malam yana zaune a benci ƙarƙashin dogon yaro, a wajen ɗakin mata, ya hango ta tafe da sauri da kwano ɗaure a ƙyalle. Ya miƙe, suka gaisa. A duk shekarun aurensa bai taɓa tare mata hanya ba, yayar matarsa ce. Yau ya tsaya tsakaninta da ƙofa.

"Yaya, ki aje shi nan tukuna."

"Farfesun kaza na. Marar lafiya ba ta cin abinci?"

"Abinci ya kawo ta."

Ta dube shi, ta dubi kwanon. Ta zauna a bencin, ta ɗora shi a cinya. Ta ce ya gaya mata, tun daga farko, kada ya rage komai.

Ya tsinci kara ya tsuguna. Ya zana tumbi a ƙasa, ya zana hanji yana lanƙwasa. Ya share gefe guda da tafin hannu ya nuna mata hannun riga. Ya sake zana wani, ya yi 'yar jaka a sama, ya ja layi daga ƙasa ya haɗa. Marka ta sunkuyo. Wancan da aka tsallake ba ya ruɓewa? Ya gaya mata abin da likitar ta ce. To sugan, a ina yake zama, cikin tumbi ko cikin jini? Mi ya haɗa shi da ƙiba, ga Liman na unguwarsu siriri kamar sanda yana da shi? Wanda ya sani ya amsa, wanda bai sani ba ya ce wannan sai likita. Ta karɓi karan ta bi layin da kanta, daga maƙogwaro har ƙasa, sau biyu.

"Likita wane ta ce?"

Ya nuna na biyun.

"Ita wane ta ce?"

Ya nuna na farkon.

"Don mi?"

Ya ce na farkon yana barin fura da zuma su wuce, na biyun ba ya bari. Idonsa dai ya sauka a kan abin da ke cinyarta.

Marka ta ajiye karan. Wata ma'aikaciya ta wuce da keken magani, ƙafarsa ɗaya na ƙara. Can Marka ta tambaya, bayan an yi aikin, kamar yaya mutum ke iya ci a zama ɗaya? Malam ya dunƙule tafin hannunsa ɗaya kamar mai ɗibar ruwa, ya nuna mata.

"Ko wane aka yi?"

"Ko wane aka yi, Yaya."

"Ashe ko na farkon ta yi, ba ta iya cinye kwanona."

"Ba ta iyawa. Ita ma ta sani. Cewa ta yi za ta riƙa sha kaɗan-kaɗan har rana ta faɗi."

Marka ta sauke kwanon daga cinyarta ta ajiye a kan benci. Ta miƙe, ta kai ƙofa, ta waiwayo ta dube shi, kamar uwar da ta bar jinjiri a gidan maƙwabta. Sannan ta shiga.

Gimbiya na kwance an tada mata kai da matasai, robar ƙarin ruwa a bayan hannunta. Ba ta taɓa ganin Marka ta shigo wuri hannu sake ba. Marka ma kamar ba ta san inda za ta sa hannuwan ba. Ta riƙe bakin mayafi, ta saki, ta dafa ƙarfen gado.

"Yaya, sannu da hanya. Jatau ya kai miki kwanon? Na cinye duka, ban ba kowa ba."

"Na gani."

Ta zauna a bakin gado, ta yi mata ya jiki, Gimbiya ta ce da sauƙi. Hannun Marka ya tafi wajen damtsen da kansa, ya kama, amma bai auna ba, ya tsaya nan kawai. Ta ce Malam ya zana mata komai a ƙasa. Na ƙwan kazar za a yi, wanda likita ta ce, kada ta sake jin zancen hannun riga. Kuma tun da an ce a zo da mai dafa abinci, ita za ta Abuja, tana da tambayoyin da Malam ya kasa amsawa. In dafuwar cikin ludayi ce za ta koya, ba ta tsufa da koyo ba.

Gimbiya ta yi 'yar dariya, ta ce to sunan zai dawo gaskiya ke nan, Tsinke. Ta ce ta yarda, na ƙwan za a yi.

Marka ba ta yi dariya ba. Ta dubi ɗakin, gadaje, da mata masu jinya, da tagar da ake hango bencin ta cikinta. Babu murhu, babu tukunya, babu abin da za ta aika gobe. Matar gadon kusa ta daina firfita tana kallonsu.

"Maganar da na yi miki ran nan," in ji Marka. Ta ɗaga murya, da ƙarfi yadda har Malam ya ji daga bakin ƙofa. "Ta uwarki. Ban kyauta ba. Da kwanon da na aiko, shi ma ban kyauta ba. Gimbiya, ki yi haƙuri. Ki yafe mini."